Ƙullin Igiyar Guga

Igiyar guganmu ƙulli bakwai gare ta.
Jiya da hantsi na ƙirga su a bakin rijiyar Kanya,
nan gabas da Garki, inda ƙasa ke shan ruwa ba godiya.
Kowane ƙulli rani guda ne da ruwa ya ja da baya,
Baba Talle ya ƙara gaba ɗaya, ya ɗaure da haƙori.
Ranar da aka yaye ni, an ce biyu ne kacal.

Gwaggo Tasalla ba ta taka ƙofar aji ba,
amma ta haddace lissafin ɗigo.
Bokiti in ya shigo gidanta
ba ya ganin ƙasa sai ya biya haraji.
A wanke gero,
ƙasarin na jar akuya ne mai tsohon ciki.
Na ɗaurayar kwanuka ya san hanyarsa,
gindin kuɓewa, bayan rumbu.
Na wanki kuwa a kwaɓa yumɓu,
a toshe inda katanga ta yi hamma.

Ta hana alwala a kan dandamali.
"Ku je gindin zogale," in ji ta,
"ladan biyu ne, buta ɗaya."
Mu tara, sau biyar a yini,
har zogalen ya leƙa gidan maƙwabta.
Yanzu in bazara ta ƙone ganyen daji
shi ke cika mana akushi da kwaɗo.

Ni ne na dawo daga Dutse da sabon babur,
na juye masa jarka biyu don ya yi ƙyalli.
Ruwan ya bi rariya yana dariya,
ya fita waje neman aladen da babu.
Gwaggo ta duba, ba ta ce uffan ba.
Da asuba na ji an taɓa ƙafata,
guga ne a hannunta.
Sau goma sha huɗu na ja,
tafin hannuna ya yi bororo,
ƙulli bayan ƙulli yana wucewa ta yatsuna
kamar carbin wanda ake bi bashi.
A nan na san nauyin abin da na zubar.

Damina in ta faɗi, gidanmu baki ne buɗe.
Ruwan farko a bar shi ya wanke rufi,
na biyu nata ne:
randa uku a ƙasan indararo,
tsohon duro, tulu mai karyayyen wuya,
har kaskon da kaji ke sha.
Ta rufe su da faifai, ta danne da dutse
kada sauro ya yi mana haya.

Murhunta ta gina shi da baki ƙarami,
kara huɗu ya tuƙa tuwon dare.
Tokar ta goge tukunya,
saura ta bi kashin awaki zuwa gona.
Leda kuwa, tun da ta kashe mata rago,
ko a gidan biki ta gan ta sai ta sunkuya.

Bara aka kafa mana famfo mai aiki da rana.
Mun yi murna, har da guɗa.
Yara kan buɗe shi su bi ƙwallo,
ya yi ta kuka shi kaɗai a cikin yashi.
Sai ka hango ta da sanda, tana jan ƙafa,
ta je ta murɗe masa wuya.
"Shi da rijiya uwarsu ɗaya," in ji ta,
"bututu bai taɓa haihuwar ruwa ba."

Baba Talle ya tsufa, haƙoran sun zube.
In za a ƙara na takwas, ni zan ɗaura.
Guntuwar igiyar tana nan a zaure,
na rataye ta a turken da ba a taɓawa.
Kullum in zan fita sai na kalle ta.
Allah Ya sa gara ta riga ni.