Taron Kwalta a Oulu

Mu tara ne a tebur, kofi ya huce,
dare ya rufa tun ƙarfe uku.
Aulikki ta zo daga arewa da ɓallin kwalta,
ta dire shi kan taswira kamar mai kawo ƙara:
"Ga aikin sanyin bana."

Veikko na sashen gadoji ya ce laifin gishiri ne.
Akanta ya ce laifin kasafi.
Ni da na shekara shida ina auna tsaga ɗaya
na yi gum, ina juya cokali.

Sai da Sirkka ta buɗe kundinta
muka gane ashe jami'o'i uku
rijiya ɗaya muke haƙa,
ba mai jin sarar ɗan'uwansa.
Muka yi dariya, irin ta borin kunya.

Aka raba: ita ƙasa, ni ruwa,
a binne ma'aunai kafin ƙanƙara ta kulle.

Da na fito, motar kwashe dusar ƙanƙara ta gifta.
Direban bai san da zamanmu ba.
Tayoyinsa ne za su karanta rahoton
nan da shekara biyar.