Wushirya

Da aka rufe masaƙarmu ta Kakuri
aka bar wa Kawu Tanimu makullai da tocila
da albashin da ke zuwa ran da ya ga dama.
Injuna suka yi tsit.
Jemagu suka karɓi aikin dare.

A kulob ɗin manyan ma'aikata, bayan tulin kujeru,
ya tarar da piyano, gara ta cinye masa ƙafa guda.
Ya tokare shi da bulo.
Cikin haƙoransa farare da baƙaƙe, huɗu sun mutu:
in ka danna, katako kawai ke amsawa.

Littafin kuwa a Kasuwar Barci ya tsinto shi
ƙarƙashin tsofaffin labule,
ba bango, ba shafi arba'in na farko.
Daga tsakiya ya kama karatu,
kamar wanda ya shigo hira an yi nisa
kunya ta hana shi tambaya.
Layi biyar, ɗige-ɗige a kansu
tamkar tsattsewa bisa wayar lantarki.
Shekara biyu yana kallon tsuntsayen nan
kafin ɗaya ta yarda ta yi masa kuka.

Ni ke kai masa tuwo da almuru.
In ajiye kwano, ba ya waiwaya.
Wani lokaci in dawo da safe
in tarar miya ta daskare, fensir ya ƙare.

Dokokin da ɓatattun shafuka suka tafi da su
bai ma san yana karya su ba.
Inda littafi ya yi shiru, sai ya tambayi na kusa:
ruwan Agusta a kan yagaggen kwano,
kogi in ya cika yana dukan ƙafafun gada,
da bugun masaƙa, shekara sha tara,
wanda har yau bai fita daga wuyan hannunsa ba.

Unguwa ta ce ya taɓu.
Innata ta ce, kiɗa ba rawa, ba kirari,
wa zai yi maka liƙi?
Ya yi murmushi, ya koma
yana raba wa kayan kiɗa talatin aikinsu
a bayan tsofaffin takardun biyan albashi,
alhali ko ɗaya bai taɓa riƙewa ba.

Ran wata Asabar Saje Bitrus Kazah ya zo,
tsohon mai busa a badujalar 'yan sanda.
Ya gyara tabarau, ya bi layi da farce.
Nan kuskure ne, in ji shi. Nan ma.
Duk mai hawa nan sai ya taka wannan matakala,
kai me ya sa kake tsallakewa?
Kawu ya danna masa matattun nan huɗu.
Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Saje ya ce, na san mai gyara a Barnawa.

Sannan ya soma rera abin a maƙogwaro,
a hankali, ƙafa na ƙirga masa.
Ya kai wurin tsallaken, ya tsaya.
Ya koma baya. Ya sake tsayawa.
Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge su da bakin riga
ko da yake ban ga ƙura a jikinsu ba.

Bar mai gyaran, in ji shi.
Kawu ya ce, ai giɓi ne.
A bakin wani giɓi ne, in ji Saje,
a naka wushirya.

Bara masu sayen ƙarfe suka kwashe injuna.
Piyanon, an dafa shayi da shi.
Kawu na kwance a maƙabarta, damina biyu ke nan.
Takardun suna cikin buhu, ƙarƙashin gadona,
ni ban iya karatun tsuntsaye ba.

Sai dai jiya, ina wanki, 'yata ta ce,
Umma, me ya sa in kina ɗan rerawa
kike yin shiru a tsakiya
kamar kina jiran wani ya wuce?