Gurbin Arzika

Hantsi bai gama ɗagowa a Jega ba
Labbo ya kawo akori-kura bakin rumfata.
Fara ce a da, yanzu ta ɗauki launin hanyar Aleru,
tana warin albasa da baƙin mai.
Ya ce, "Baba, kujera. A sake ta duka."

Na ja ƙofa, ƙofar ta yi tari.
Ledar ta tsattsage kamar faso a dugadugan manomi,
soso ya leƙo yana marmashewa.
Nan an liƙe da gam,
can an cusa tsohon hirami
a kan sifirin da ya ɗaga kai yana dakon wando.

Noti huɗu ke riƙe da ita.
Uku suka ji magana.
Na huɗun sai da na shayar da shi mai,
na tafi na ci goro, na dawo,
sannan ya saki.

Kujera in ka kifa ta, ba ta iya riƙe sirri.
Shinkafa ta zubo da ɓuntunta,
ƙayar kifin Yawuri,
sulalla biyu da ba sa sayen ko ashana yanzu,
rasit ɗin 'yan kamasho, tawadar ta gudu,
da takalmin yaro na roba, shuɗi, ƙafa ɗaya.

Labbo ya ɗauka, ya juya shi a tafinsa.
"Nawa ne," in ji shi.
"Har duka na sha a kan ɓatansa."
Ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a wuya,
ya sa takalmin a aljihu.

Ni kuwa wajen direba nake kallo.
Ya lotsa, amma ba a tsakiya ba,
ya karkata hagu, inda gwiwar hannu ke neman taga.
Shekara ashirin da shida Arzika yana sassaƙa wannan gurbi,
ba da gizago ba, da zama:
Kamba da asuba, Bunza da la'asar,
kowane rami na hanya ya sa hannu a ciki.
Yanzu yana ta rufe masa ido,
yana gida a kan benci,
an ce da ƙarar inji yake gane ɗansa tun daga kwana.

Na auna Labbo da ido. Bai kai uban tsawo ba.
Na yanko soso mai kauri, na ƙara yatsa biyu
don ya hango hancin motar ba tare da miƙa wuya ba.
Na ɗaure sifirin da waya,
na shimfiɗa buhu a kai kada ya sake cizo.
Leda ruwan ƙasa ya zaɓa, wai tana ɓoye dauɗa.
Keke ya ci inda zai iya ci,
lungunan kuwa sai basilla da zaren kaba-kaba,
ina ja, ina danna wa da gwiwa,
har fatar ta ɗame kamar ta ganga.

Da la'asar sakaliya muka mayar da ita.
Ya hau, ya motsa, ya sake motsawa.
"Baba, ta yi tauri."
Na ce, ba tauri ba ne, ba ta san ka ba tukuna.
Ba ta damina uku.

Kuɗinsa bai cika ba,
ya cike da rabin buhun albasa, na karɓa.
Har ya tada mota na ce ya dakata.
Na koma cikin tarkace, na zaro tsohon soson,
na yanke daidai gurbin, na kaɗe shi, na naɗe a buhu.

"Kai wa Arzika," na ce.
"Bencin nan nasa katako ne."