Dusar da Na Sayar

Shekara ashirin ina kan injin niƙa a Rigasa,
gemuna ya yi fari tun furfura ba ta san gidana ba.
A kawo dawa, in surfa, in sheƙe:
farin gari na mutane, dusa ta masu kiwo.
Tiya nawa na auna wa ragunan Alhaji Mamuda?
Sun yi ɓul-ɓul, ko tari ban taɓa jin sun yi ba.

Ɗana Nazifi kuwa, burodi da safe,
indomi da dare, lemon kwalba a tsakani.
A yi dambu da zogale, ya ce shi ba akuya ba ne.
A yi faten tsaki da rama, ya ce ya ƙoshi.
Sai ya kwana uku bai zagaya ba,
mu kuma muna yi masa dariya.

Daren Laraba ciwo ya sauka a cibiya,
kafin asalatu ya gangara dama ya kafa turke.
Muka jiƙa kanwa. Muka yi tofi.
Yaro ya naɗe kamar tabarma.
Duk ramin da keke ya faɗa kafin Barau Dikko,
a cikinsa ya faɗa.

Afendis, in ji su. Sa hannu nan, Baba.
Na dangwala yatsa, gari ya ɓata musu takarda.

Da aka fito, Dakta Rifkatu ta nuna mini abin a kwalba.
Bai kai ƙaramin yatsana ba,
ga shi ya cinye buhu shida.
Na ce, Likita, laifin wa?
Ta ce, ba a rantsuwa kan wannan,
mai cin wake ma yakan faɗo hannunmu.
Amma hanji kwata ne, harza ce tsintsiyarsa;
in shara ta yi ƙaranci, lungu kan toshe.

Na dubi tafin hannuna.
Ashe tsintsiya nake ta sayarwa, tiya-tiya.

Yanzu dawar gidana ba ta ganin surfe.
Tuwo ya yi duhu, uwarsa na mita.
Nazifi na ci yana yatsina,
ya fita ya ɗaga riga, abokai su ƙirga ɗinki.

Jiya Alhaji Mamuda ya aiko yaro:
wai me ya sa dusa ta ragu?
Na ce a gaya masa na fara kiwo a gida.