Na Maido Miki Rabi

Barira, saƙonki ya shigo waya da la'asar,
ina bisa keke, allura a bakina.
Jikka ashirin, albashinki na fari.
Na nuna ma Korau mai shayi, na nuna ma ladan,
har wanda bai tambaya ba sai da ya gani.
Na riƙe goma. Goma na maido miki.
Kada ki ce tsoho ya raina.

Shekarar da aka haife ki, nan Bilbis,
na binne gwangwanin tumatir ƙarƙashin ƙafar keke.
Dala ashirin kowane dare,
ko an kawo ɗinki, ko ƙuda kaɗai ya leƙo.
Ƙarfe ya yi nauyi, na mai da shi takarda,
na naɗe a tsumma, na ce na yi wayo.
Gara ta fi ni.
Tarin shekara biyu ta cinye babu bismilla,
ta bar mini kusurwa guda mai rabin lamba.
Kuɗin da ya kwanta gawa ne, ɗiyata,
gawa kuwa ba ta rasa mai ci.

Sai na tashe shi, na aike shi Galmi.
Albasa da rani, buhu kamar kyauta,
a zuba a rudu, a jira watan tsada.
Shekara uku ina cin riba, kafaɗata ta ƙara faɗi.
Ta huɗu na zuba duka, har kuɗin awakin uwarki.
Ruwa ya sami ƙofa a rufi.
Buhu arba'in, Barira!
Warin ya raka ni har Tawa.
Wata guda uwarki ba ta ce uffan ba,
murfin kwano ne ke yi mini magana.

Tun ranar ban sake ɗora tukunya bisa dutse ɗaya ba.
Akwai na ci. Akwai na ranar ciwo.
Akwai wanda ake rufe ido a manta da shi.

Wanda na manta shi ne filin bayan gari.
Majalisa ta yi dariya har da tafi:
wai Narwa tela ya sayi makwancin dila.
Salla-salla na biya shi, riga bayan riga,
ana kiran asuba ina kan wuyan wani.
Shekara goma sha ɗaya bai ba ni komai ba
sai ƙarangiya a ƙafar wando.
Na dasa bedi biyu don kada in ɓace iyaka,
akuya ta ci ɗaya.
Gari bai yi gudu ba, takawa ya yi,
gida, gida, famfo, sannan hanya,
wata safiya ya iso ya yi mini sallama.
Shago biyun nan, hayarsu ce ta kai ki Yamai
kika koyi karɓar haihuwa.

To ga goman nan.
Ki cire irinta ranar da albashi ya faɗo,
tun atamfa ba ta ji labari ba,
tun ƙawaye ba su yanka ranar biki ba.
Ki ajiye inda hannu ba ya kai da sauri.
Ku kuna da banki, kuna da hannun jari,
ni ban san ƙofarsu ba; ke kin iya karatu,
ki tambaya har mai amsa ya gaji.
Wanda ya ce zai ninka miki cikin wata guda,
gaishe shi da kyau, ki tambayi iyali, ki wuce.

Za ki yi asara. Kowa na da rudunsa.
Ki dai tabbata awakin wani ba su ciki.

Goman da na riƙe, tabarau zan saya.
Zare ya soma ƙin ramin allura,
jiya sau bakwai, sai da yaron Korau ya zura mini.
Gwangwanin yana nan.
Maɓallai nake zubawa ciki yanzu.