Kowa da Tasa

Mu shida a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a Mosko.
Da rana siminti, da dare allura guda
tana zaga mu kamar kofin shayi.

Bahtovar ya dawo daga asibiti,
ya zauna kan bokitin fenti.
Bai yi wa'azi ba. Hannun riga ya naɗe,
tabo irin namu.
Ya ce, "Ƙanjamau ba ta duba fasfo.
Gurasa a raba, bargo a raba,
wannan kuwa kowa da tasa."
Ya zube sababbi cikin ledarsu.

Nekruz ya yi tsaki, ya juya bango.
Ni na tuna Gulnora a Kulob
tana ƙirga watannin dawowata.
Na ɗauki biyu.

Gobe gwajin jini.
Tun yanzu gwiwata ke rawa.