Kwarkwaron Katako

Ni tela ne, ɗan Tawa, baƙon gulbi.
A garinmu sai igiya ta yi gaba talatin
kafin guga ya sumbaci ruwa.
Shekara tara ina taka keke a Bukoki,
sai bara Isa ta yi kirana,
na amsa ban nemi shawarar kowa ba.

Na sassaƙa kifin ƙarya da icen maɗaci,
ya fi takalmin ɗana tsawo.
Na narka dalma na ɗura masa a ciki,
na rataya ƙugiya uku a ƙirji, uku a wutsiya,
idanunsa maɓallan wata tsohuwar riga
da mai ita bai dawo karɓa ba.

Kwarkwaron fatsata na farko ɗan ƙwalisa ne.
Jifa ɗaya, ya yi ƙara,
ya zubar da haƙoransa a tafina.
Ashe na ɗaura wa ɗan akuya kayan raƙumi.

Sai Katako, rumfar Arzika,
inda kayan Kwatano ke kwana cikin buhu.
Ya shimfiɗa uku a kan kwali.
"Ga wannan, malam, duba walƙiya!"
Ban duba ba. Na kai shi kunne, na juya hannu,
kamar yadda nake sauraron keke kafin in saya.
Roba ce ke magana a ciki,
ita kuwa roba ba ta cika alkawari.

Na biyu sarkin gaggawa,
juyi guda ya haɗiye kamu biyu na zare.
Na ja da ƙarfi, birkinsa ya saki.
Na san irinsa cikin yaran shagona:
sun iya gudu a kan yadi,
su kai ga kauri allura ta karye.

Na ukun yana gefe, ba a yi masa kirari ba.
Gajere, mai nauyi, kamar gwangwanin tumatir,
fentinsa ya koɗe,
babban yatsan wani da ban sani ba
ya ci masa gurbi a kafaɗa.
Na kwance ƙusa biyu na leƙa:
haƙoran tagulla, man jiya bai bushe ba.
Tafiyarsa ta hawainiya,
cikinsa na ɗaukar zare gaba ɗari.
Na juya, ya yi mini gyaran murya irin na dattijo.

"Jika talatin." Na ce a rage.
"Albarka." Na juya baya, na ƙirga taku biyar.
Muka shirya a ashirin da biyu,
da ɗinkin kaftaninsa na Sallah.

Da asuba a gaɓar Gamkalle
tsoho Sumana na zaune a bakin jirginsa,
zarensa naɗe a guntun kara.
Ya dube ni, ya dubi kayana:
"Tela, tsage ba ya tambayar farashi."

Na wurga. Zare ya cakuɗe kamar taliya.
Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
To warwara ai sana'ata ce,
na zauna na tsince shi ƙulli bayan ƙulli.
A jifa na bakwai yatsana ya sami gurbin nan,
ya zauna daidai, kamar da ni aka auna.
Kifin icce ya tashi, ya wuce ciyawa,
ya wuce inuwar gada,
ya faɗa can inda ruwa ke baƙi.

Ina naɗewa a hankali, sai fizga!
Kafaɗata ta amsa, sanda ta rusuna,
dattijon ya yi gunji yana ba da zare da awo,
bai saki ba, bai karye ba.
Na ga walƙiyar azurfa, na ga haƙora,
sai kuma zare ya yi sanyi.

Kifina ya dawo da ido ɗaya
da rubutun haƙori a gadon baya.

Hajo na jiran abin miya.
Na sayi karfasa biyu wurin Sumana,
bai rage mini ko dala ba.
Da dare na zazzage gwangwanin maɓallai
ina neman ja, wanda ya fi na jiya girma.